A Daina Sayar wa Bayin Allah Ruɓaɓɓen Gida da Sabon Fenti

Duk wanda ya san Gummi ya san abin da ruwa ya yi mata a watan Agustan 2024. Unguwanni sun kwana cikin ruwa, katangu sun zube, mutane sun kwashi 'ya'yansu sun nufi duk inda suka ga tudu. Gwamna Dauda Lawal ya je jaje, hukumomi suka ƙirga gidajen da abin ya shafa suka ce sun haura 10,000. An raba abin da aka raba, ruwa ya janye, 'yan jarida suka koma. Tambayar da ke ci mini rai tun daga lokacin ita ce: gidajen da suka sha ruwa har gwiwa, wasu har ƙugu, amma ba su faɗi ba, ina suke yanzu? Suna nan tsaye. Wasu masu su sun gyara su tsakani da Allah, tun daga tushe. Wasu kuwa 'yan buhunan siminti da bokitin fenti aka kashe musu, aka kira dillali aka ce ya nemo mai saye.

Wa ke saye? Ba attajirin Gusau ba ne, ba kuma ɗan siyasar Abuja ba. Waɗannan in suna son gida fili suke saye su kawo injiniyansu. Mai sayen tsohon gida a Gummi ko Anka ko Bukkuyum ko Nasarawar Burkullu a yau, galibi mutumin da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa ne. Tun kafin kisan gillar farkon Janairun 2022, wanda mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka ce ya ci rai kusan 200, jama'a ke tururuwa zuwa manyan garuruwa, kuma har gobe ba su fasa ba. Wanda ya je Anka ya ga yadda 'yan gudun hijira suka yi shekara da shekaru a filin sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba. Mutumin karkarar Adabka ko Gwashi ko Bagega da Allah ya sa ya tsira da 'yan shanunsa, ko ya samu wanda ya karɓi gonarsa a wulaƙance, burinsa ɗaya ne: ya fitar da iyalinsa daga rumfar leda ko ɗakin aro, ya sa su inda za su rufe ƙofa su yi barci. Baƙo ne a garin. Bai san wace unguwa ce hanyar ruwa ba, bai san wane fili ne tsohon kududdufi ba. Kuɗin da ke ɗaure a lalitarsa shi ne ƙarshen abin da ya mallaka a duniya. Irin wannan bawan Allah ake sayar wa gidan da mai shi ya fice daga cikinsa don ya san abin da ke bayan fentin. Wannan zalunci ne, kuma ana yin sa da rana tsaka, a gaban shaidu, da addu'ar Allah ya sanya albarka.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne mu mutane ne da muka iya saye. Je ka kara ranar kasuwa ka ga Bazamfare zai sayi sa. Zai buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya shafa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sannan ya kira wanda ya fi shi sanin dabba ya sake dubawa, kuma babu mai cewa ya yi rashin kunya. Amma gidan da ya ninka kuɗin san nan sau da yawa, gidan da 'ya'yansa za su kwana ƙarƙashin rufinsa, zagaye ɗaya yake yi masa da la'asar, dillali na gaba yana zuba, shi yana biye yana gyaɗa kai.

Kowa ya san zubar. "Alhaji, gida lafiya lau yake, ko ƙusa ba za ka buga ba." Ka nuna tsaga a bango, ya ce, "Haba Alhaji, ai ta filasta ce, zafin rana ne." Ka tambayi ruwa, ya ce, "Nan? Ko shekarar ambaliya bai wuce bakin ƙofa ba." Ranar da ka ce za ka dawo da magini ya duba, nan take fuska ke canzawa: "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan, Alhaji? To akwai wanda ya taya tun jiya, don mutuncinka na riƙe. In kana so, ka ajiye kafin alƙalami yau." Da kunya da gaggawa ake ɗaure mutum. Ban ce duk dillali maƙaryaci ne ba, na san masu tsoron Allah a cikinsu. Amma la'adar dillali ba ta shiga aljihunsa sai an ce "na sallama". Mutumin da abincinsa ke rataye da faɗuwar ciniki bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai ba da shaidar lafiyar gida ba, ko da waliyyi ne.

Sai a je wurin mai unguwa a rubuta takarda. Ka karanta takardun cinikin gida na yankinmu, duk kusan iri ɗaya ne: wane ya sayar wa wane, a kan kuɗi kaza, gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da hanya, ga shaidu, ga hatimi. Ko layi ɗaya babu a kan ginin kansa. Wanda ya ɗan waye zai kira safiyo ya auna iyaka, ya bi takarda har hukumar ZAGIS a Gusau don ya samu shaidar mallaka. Wannan yana da kyau, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da duk takardun da ke fita ƙarƙashinta maganar wa ke da fili suke yi. Ba ruwansu da ko bangon da ke kan filin zai ga ƙarshen damina. Nijeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, tana da COREN mai rajistar injiniyoyi, tana da CORBON mai rajistar ƙwararrun magina. Ana jin sunayensu duk ranar da bene ya rufta a birni: mai hawa 21 na Ikoyi a Legas, ranar 1 ga Nuwambar 2021, da ya kashe mutum sama da 40, ko makarantar Saints Academy ta Jos a Yulin 2024, inda aka rasa rai 22. A kafa kwamiti, a yi bincike bayan an gama jana'iza. Amma ɗakin da ya faɗa wa uwa da 'ya'yanta da tsakar dare a Daki Takwas, ko sanarwa a rediyo ba lallai ya samu ba. A yi musu sutura, a ce ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Ban yarda a ɗauke ta a rufe ha'incin wanda ya ga bango ya buɗe ya cusa masa siminti ya sayar ba.

Duba gida kafin saye ba wani sihiri ba ne. Aiki ne na mai ido da sani, wanda ba shi da ko sisi a cikin cinikin, ya yi wuni yana bin gida lungu-lungu, ya rubuta abin da ya gani. Daga ƙasa zai fara. Yawancin garuruwanmu a kwarin gulbin Zamfara suke, kuma ƙasar fadama laka ce: ta sha ruwa ta kumbura, rani ya yi ta tsuke ta dare. Gidan da aka ɗora a kanta da tushe mara zurfi, kowace shekara sai ya motsa. Mafi muni shi ne wanda aka gina kan kududdufin da aka cike da shara da juji. Shara na ruɓewa tana zama, gini na bin ta ƙasa. Baƙo ba zai gane ba, amma duk tsohuwar da ta yi shekara 40 a unguwar ta san inda yara ke wanka da damina. Don haka mai duba na gaskiya sai ya tambayi maƙwabta, kuma ba a gaban dillali ba.

Sannan ya karanta bango. Akwai siririyar tsaga ta filasta, wadda ba ta da wata illa. Akwai kuma wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi gicciye tana bin layin bulo hawa-hawa, sama ta fi ƙasa faɗi, ta ɓulla ciki da waje. Wannan tana cewa wani ɓangare na tushe ya zauna. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, daɓen da ya karkata, bangon da in an sake igiya da dutse daga samansa za a ga ya kauce, duk labari ɗaya suke bayarwa. Sabuwar filasta da ta zagaye gida daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu ta tsaya a layi ɗaya, ita ce ke gaya maka iya inda ruwa ya kai. Farin gishiri da ke fesowa a gindin bango da fenti mai kumbura yana ɓarewa, alamar danshi ne ke hawa daga ƙasa don ba a yi masa shamaki ba lokacin gini. Bulo kuma a kankare shi da ƙusa. In ya zube kamar gari, an san mai buga shi ya matse buhu ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar.

Akwai yaudara ɗaya da ta fi kowacce yawa a wajenmu, kuma ita ta fi kisa: ginin ƙasa da aka lulluɓe da siminti. Ginin ƙasa ba abin raini ba ne. Kakanninmu sun zauna cikinsa lafiya don sun san haƙƙinsa: a yi masa yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a kawar da ruwa daga gindinsa. Amma in aka shafe shi da siminti, danshin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Ƙasar na ruɓewa a ciki, simintin na tsaye a waje sumul. Ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa za ka ji yana amsawa fanko. Mai saye na ganin gidan bulo, alhali ɓawo ya saya, kuma ranar da zai tafi ba ya sallama, gaba ɗaya yake zubowa. Daga nan mai duba ya hau rufi, ya ɗaga silin, ya soka katako ya ji ko gara ta cinye cikinsa. Azarar giginya da aka sani da jure gara ta yi wuya yanzu, katako mai taushi ake jerawa. Ya duba wayar wuta. Ya auna tsakanin masai da rijiya, don masana lafiya na son a samu tazarar kamar mita 30, mu kuwa a gidaje da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsu, sannan a yi ta mamakin amai da gudawa.

Wata 'yar uwata, wadda aka kashe mijinta a gona, ta sayar da abin da ya rage na dabbobinsu ta sayi gida mai ɗaki biyu da rani. Fenti sabo, daɓe sabo. Ruwan farko na Yuni ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Kafin Agusta ya ƙare bangon bayan ɗakin yara ya kumbura ya fara zubar da filasta, sai ga jar ƙasa jiƙe sharkaf a ciki. Da ta koma wurin wanda ya sayar mata, cewa ya yi, "Hajiya, ai kin gani kafin ki saya." Da ta je wurin wanda ya buga hatimi, cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, Inna, mu shaidar ciniki muka yi, ba shaidar gini ba." Maƙwabta kuwa suka ce kowa ya san nan hanyar ruwa ce. Kowa ya sani, babu wanda ya buɗe baki, don kada a ce ya ɓata wa maƙwabcinsa ciniki. Yau a ɗaki ɗaya take kwana da yara biyar, ɗayan an tokare shi da itace. Wannan shirun na maƙwabta, da muke kira kawaici, shi ma yana da kaso a cikin alhakin.

Sai kuma abin da ya sa nake ganin yankinmu ya fi ko'ina a Nijeriya buƙatar a duba gida kafin a saya: dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Bincike ya nuna gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake kawowa cikin gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. A Dareta da 'Yargalma kaɗai, masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun ƙirga cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Ma'aunin da ake amfani da shi a lokacin ya ce ƙasar da yara ke wasa a kai kada dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan. An samu wuraren da ta haura 100,000. Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Tungar Guru, duk sai da aka bi su gida-gida, masu aikin share gubar daga TerraGraphics da Blacksmith Institute tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi suna kankare ƙasar sama suna kwashewa suna zuba mai tsabta. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, bayan an yi ta kururuwa kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi.

Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ba a ganin ta da ido. Inda ta zuba nan take zama. Har kududdufan da ake wanke dutse a cikinsu an samu sun gurɓata, kuma daga irin waɗannan kududdufai ake ɗibar ƙasar tubali da ta yaɓe. Ma'ana, gubar na iya kasancewa a cikin bangon kansa. Haƙar zinare kuwa ba ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta haramta ta a Zamfara a 2019, ba ta hana kowa ba, ta kuma ɗage haramcin a ƙarshen 2024. MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha a 2022. Mutanen da suka san daka dutse sun watsu cikin garuruwa tare da sauran masu gudun hijira, da sana'arsu. Ban ce kowane gida a Anka ko Bukkuyum na da guba ba. Cewa na yi mai saye na da haƙƙin ya san ko an taɓa sarrafa dutse a gidan da zai kai jaririnsa. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki nan take. Da ita aka yi aikin share ƙauyukan nan, kuma an horar da 'ya'yanmu a kanta. A Amurka, doka ta tilasta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana abin da ya sani na fenti mai dalma, ya kuma ba mai saye kwana 10 ya kawo mai gwadawa. A Faransa duk gidan da ya girmi 1949 ba a sayar da shi sai da takardar gwajin dalma. Su fenti ne ya tsorata su. Mu da muka binne yara ɗaruruwa da hannunmu, ko tambaya ɗaya ba mu ƙara a takardar cinikin gida ba. Wannan abin kunya ne ga duk wanda ya riƙe mulki a jihar nan tun daga 2010.

Kada wani ya ce mini wannan al'adar Turawa ce. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma shari'ar nan ba haddi kaɗai ba ce, rabinta ciniki ne. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. Ya tuhumi mai kayan kan ƙin fito da jiƙaƙƙen inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. A lura, bai tsaya kallon saman tarin ba, hannu ya sa. Malaman Malikiyya, a littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su irin Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi wa aibin gida bayani filla-filla. Sun kasa shi uku: ƙarami wanda ba ya taɓa kuɗi, matsakaici, wanda za a rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, da babba, wanda mai saye ke da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa, kuma da yawansu sun auna babban da sulusin kuɗin gidan. Har misalin tsagar bango suka kawo, da rijiyar da ta fito da zartsi a unguwar da ruwan rijiyoyinta ke da daɗi. Sun kuma tabbatar cewa faɗin "yadda ka gani haka ka saya" ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye. Wa ke tantance girman aibin? Masana gini. A Tunis, a ƙarni na 14, akwai magini Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba bango ya dawo musu da bayani, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. A ƙasar Hausa ma sarautar sarkin magina ba ado ba ce. Daga cikin irinsu aka samu Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. To ina wa'azin wannan babi? Na sha jin huɗuba a kan tsawon wando da tauye mudu. Wanda ya tauye wa marainiya gida sukutum fa? Hukumar Hisba da ke zagaya kasuwanni, me ya hana ta leƙa kasuwar gidaje?

Na san abin da za a ce. Za a ce mutane na gudun ceton rai, kai kana maganar tsagar bango. Amsata ita ce wanda ya kuɓuta daga bindiga bai kuɓuta don katanga ta danne shi ba, kuma tsananin halin da yake ciki shi ne dalilin da ya sa ya fi kowa buƙatar kariya. Za a ce babu kuɗin injiniya. Wa ya ce sai an ɗauko injiniya daga Abuja don ɗaki biyu da zaure? Kwalejin fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara na yaye matasa masu ilmin gini, da yawansu na zaune ba aiki ko suna acaɓa. Haɗa ɗaya daga cikinsu da dattijon magini wanda ya san ƙasar garin, ka samu ido biyu da za su ga abin da mai saye ba zai gani ba, a kan kuɗin da bai kai la'adar dillali ba. Bene da manyan shaguna ne ke buƙatar injiniya mai rajista. A Ingila mai saye ne ke ɗaukar mai duba da kansa, kuma binciken hawa uku ne, mafi zurfi na tsofaffin gidaje. A Sikotland tun Disambar 2008 mai sayarwa ne doka ta ɗora wa kawo rahoton lafiyar gida kafin ya sa shi kasuwa. A wajenmu ni na fi son mai saye ya zaɓi mai duba ya biya shi da hannunsa, don wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ake yi wa.

Ƙorafi ɗaya ne nake ɗauka da nauyi: cewa duk sabuwar takarda a ƙasar nan sabuwar ƙofar cin hanci ce. Gaskiya ne. In aka mayar da abin nan fom da ake saye a sakatariya, a buga masa hatimi ba tare da kowa ya taka gidan ba, gara ma ba a yi ba, don zai ba maha'inci takardar wanke kai. Maganinsa shi ne mai duba ya sa sunansa da hannunsa, kuma ya san in ya rubuta bango lafiya alhali yana fanko, shi ma zai tsaya gaban alƙali tare da mai gidan.

Ba sai an jira majalisar Gusau ta yi doka ba. Hatimin mai unguwa a hannun sarakuna yake. Allah ya ja zamanin Sarkin Zamfaran Anka, shugaban majalisar sarakunan jihar, da Sarkin Dankon Bukkuyum, da Sarkin Mafaran Gummi, wanda kafin ya hau gadon sarauta shi ne babban alƙalin babbar kotun Abuja, ya san shari'ar ciniki ciki da bai. Ranku ya daɗe, umarni ɗaya daga bakinku ya isa: kada hakimi ko mai unguwa ya sa hannu a cinikin gida sai mai sayarwa ya amsa a rubuce, gaban shaidu, ko ruwa ya taɓa shiga gidan kuma iya ina ya kai, ko ginin ƙasa ne a ƙarƙashin filastar, ko filin tsohon kududdufi ne, ko an taɓa daka ko niƙa dutsen zinare a ciki. A ba mai saye mako guda ya kawo wanda zai duba masa, kuma in ya fasa saboda aibin da aka gano, kafin alƙalaminsa ya dawo masa cif. Dillalin da aka kama ya ɓoye aibi a hana shi dillanci a masarautar. Shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi su ajiye sunayen masu duba a sashen ayyuka inda kowa zai gani, su kuma fitar da taswirar unguwannin da ruwa ya ci a 2024 su liƙa ta a bainar jama'a. Mai girma Gwamna kuma ya sa ma'aikatar muhalli ta ajiye na'urar gwajin dalma a Anka da Bukkuyum, da ma'aikacin da zai je gidan duk wanda ya nema, kyauta.

Ga alƙalan kotunan shari'a na yankin kuma: ƙarar aibin gida in ta zo gabanku, kada ku mayar da ita sulhun "a yi haƙuri". Ku aika masana su ƙwanƙwasa bangon, su auna aibin, ku yanke hukuncin da littafi ya faɗa. In babba ne, mai gida ya karɓi gidansa ya dawo da kuɗin mutane, ko da ya riga ya kashe su, ko da kuwa ɗan wane ne a garin.